Neman Wanda Aka Kama a Ƙaramar Gunduma a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Mutanenmu da ke Amurka sun fi taruwa a manyan birane irin su New York da Houston da Atlanta da Greensboro, amma kamu ba ya zaɓen gari. Direban babbar mota yana ratsa jihohi uku a wuni ɗaya, ɗalibi yana karatu a kwalejin da ke wani ɗan ƙaramin gari, wani kuma yana aiki a masana'antar nama da ke tsakiyar gonaki. Idan aka tsare irin waɗannan, iyalinsu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi sai dai su ji waya a kashe. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda dangi suka fi maimaitawa. Bayani ne na sanin hanya, ba ya maye gurbin lauya.

Me ya sa kowa ke tambayata sunan gundumar? Ba a Amurka dai aka kama shi ba?

Saboda babu rajista guda ɗaya ta ƙasa baki ɗaya da kowa zai iya buɗewa ya ga duk wanda aka tsare. Amurka tana da gundumomi sama da 3,000, kuma kusan kowacce da nata shugaban 'yan sanda da jama'a ke zaɓa, wanda ake kira sherif, da nata kotun, da nata tsarin ajiye takardu. Jihar Texas kaɗai tana da 254, Georgia 159, Kentucky 120. Wasu ƙanana ne ƙwarai: ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 kacal a gundumar Loving ta Texas.

Gunduma ta yi kama da ƙaramar hukuma a wajenmu, sai dai ikonta a kan tsaro ya fi yawa nesa ba kusa ba. Takardar kamun da aka yi a wata gunduma tana nan a ofishin sherif ɗinta, maƙwabciyarta ma ba lallai ta san da ita ba. Don haka sanin gundumar shi ne rabin aikin.

An ce yana gidan yari. Wanne daga ciki?

Iri uku ne, kuma rikita su yana cin kwanaki. Na farko gidan waƙafin gunduma, inda ake ajiye wanda aka kama yanzu, da mai jiran shari'a, da wanda aka yanke wa ɗan gajeren hukunci, galibi bai wuce shekara guda ba. Na biyu gidan yarin jiha, na waɗanda aka riga aka yanke wa dogon hukunci. Na uku na gwamnatin tarayya, wanda shafin Hukumar Gidajen Yari ta Tarayya ke nuna fursunoninsa tun daga 1982. Wuraren tsare baƙin haure kuma tsarinsu daban, akwai amsa a kansu can ƙasa.

Wanda aka kama jiya ko shekaranjiya, a gidan waƙafin gunduma za a fara neman sa. Idan ka buga sunansa a shafin gidan yarin jiha ba ka gan shi ba, wannan bai nuna komai ba. Banda jihohi shida inda jihar ce ke riƙe da duka biyun: Alaska, Connecticut, Delaware, Hawaii, Rhode Island da Vermont. A waɗannan, hukumar gidajen yarin jiha za ka tuntuɓa tun farko.

Ban san inda aka kama shi ba. Ta ina zan fara?

Daga wuri na ƙarshe da aka ji ɗuriyarsa. Idan direba ne, kamfanin da yake yi wa dako ya san inda motar ta tsaya, don kusan duk manyan motoci suna da na'urar da ke nuna inda suke. Idan yana raba wurin da yake da wani ta WhatsApp ko Google, a duba. Da ka sami sunan gari ko lambar babbar hanya, taswira za ta nuna maka gundumar. Ka rubuta ita da duk waɗanda ke kewaye da ita, domin ɗan sandan babbar hanya ma'aikacin jiha ne, amma wanda ya kama yakan kai shi gidan waƙafin gundumar da abin ya faru.

Sai ka gwada shafin intanet na VINELink. An ƙirƙiri tsarin ne a Kentucky a 1994 don sanar da waɗanda aka zalunta idan za a saki wanda ya zalunce su, amma kowa yana iya amfani da shi kyauta, kuma ya haɗa gidajen waƙafi na yawancin jihohi. Amfaninsa babba shi ne kana iya yin rajista a turo maka saƙo idan aka saki mutumin ko aka mayar da shi wani wuri. Sai dai ba kowace ƙaramar gunduma ce ke ciki ba, wasu kuma suna jinkirin sa bayani.

Gundumar ba ta da shafin intanet mai nuna sunayen tsararru. Shi ke nan?

A'a. A nan ne ƙaramar gunduma ta bambanta da birni, kuma a ganina sau da yawa ta fi birnin sauƙi. Ka ɗauki waya ka kira ofishin sherif, lambar ofis ta yau da kullum, ba lambar gaggawa ta 911 ba. A gundumar da ke da gadaje ashirin ko talatin, wanda ya ɗaga wayar da dare zai iya zama shi ne mai karɓar kiran gaggawa, shi ne kuma mai lura da ɗakunan tsaro, kuma jerin sunayen yana gabansa a kan tebur. Ka gaishe shi, ka faɗi sunan wanda kake nema, sunan mahaifi ko na dangi da farko, ka jero harufan ɗaya bayan ɗaya, sannan ranar haihuwa. Abubuwa biyar za ka tambaya: ko yana wurinsu, lambar rajistarsa, laifin da aka rubuta, kuɗin beli, da ko wata hukuma ta nemi a riƙe mata shi. Ka rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lokacin.

Kada ka ba da labarin abin da ya faru, kada kuma ka ambaci matsayin takardun zamansa. Ba a tambaye ka ba, kuma ana iya naɗar kiran.

Gidan waƙafi yana amsa waya dare da rana, amma mai kula da takardu da akawun kotu sai lokacin aiki, wasu ma suna rufewa na awa guda da tsakar rana don cin abinci. Ƙarfe 9 na safe a yawancin Texas daidai yake da 3 na rana a Najeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 4 na yamma kuma a sauran watanni. Akwai wasu hanyoyi biyu da mutane ke mantawa da su: sherif da yawa suna sa jerin waɗanda aka kama a shafinsu na Facebook, jaridar mako-mako ta gundumar ma takan buga shi.

Sun ce babu mai wannan suna, alhali na tabbata yana can.

Wannan ya fi komai faruwa da mutanenmu. Ɗan sandan ƙauye da bai taɓa cin karo da sunan Bahaushe ba zai kwafi abin da ya gani a lasisin tuƙi, wani lokacin ya juya shi. Mai suna Abubakar Sani Musa yana iya shiga kwamfuta da Musa a matsayin sunan dangi, ko Sani, ko a haɗe Sanimusa. Muhammad yana zama Mohammed ko Mohamed, ɗan Nijar kuma takardunsa na iya cewa Mahamadou ko Aboubacar. Sunan da ake kiran mutum da shi a gida, Babangida ko Ɗanjuma, ƙila ba ya cikin fasfo ko kaɗan. Ka nemi hoton fasfo ko lasisinsa, ka bi rubutun da ke ciki, sannan ka gwada kowane suna a matsayin na ƙarshe.

Ranar haihuwa ma tarko ce. Amurkawa suna fara rubuta wata kafin rana, don haka 03/07/1990 a wajensu bakwai ga Maris ne, ba uku ga Yuli ba. A waya ka ambaci sunan watan. Idan kuma kamun bai wuce 'yan awanni ba, ƙila ba a gama ɗaukar hoto da zanen yatsa ba, sai ka sake kira anjima.

An tabbatar a gundumar aka kama shi, amma ba ya gidan waƙafinsu. Ina aka kai shi?

Ƙananan gundumomi da dama ba su da gidan waƙafi sam, suna biyan maƙwabta kuɗin gado. Wasu suna da shi amma ba su da ɓangaren mata, don haka mace takan kwana a wata gunduma mai nisa. A West Virginia gundumomi suna tura tsararru gidajen waƙafi na yanki ne, Virginia ma tana da irinsu da yawa. A Kentucky kuwa mai kula da gidan waƙafi zaɓaɓɓe ne daban, ba sherif ba, sai a nemi lambar ofishinsa. Tambayar da za ka yi ita ce: a ina kuke ajiye waɗanda kuka kama?

Ka riƙe wannan: ko ina aka ajiye shi, shari'arsa tana kotun gundumar da aka kama shi. Idan kuma tuhumar ta tarayya ce, hukumar tarayya takan yi hayar gado a gidan waƙafin gunduma, kuma mai jiran shari'a a irin wannan wuri ba lallai ya fito a shafin fursunonin tarayya ba.

Me za su gaya mini, me kuma ba za su faɗa ba?

Suna, shekaru, ranar kamu, hukumar da ta kama, tuhuma da beli, a mafi yawan jihohi bayanai ne na jama'a. Rahoton ɗan sanda cikakke, da maganar shaidu, da bidiyon kyamarar jikinsa, ana iya riƙe su muddin bincike bai ƙare ba. Bayanin lafiyarsa ba za a ba ka ba, amma kai kana iya ba su: idan yana da ciwon suga ko hawan jini ko farfaɗiya, ka nemi a haɗa ka da ma'aikacin jinya ka faɗi maganin da yake sha. Takardun yaran da ba su kai shekarun balaga na doka ba galibi a rufe suke, sai iyaye da lauya.

Abin da aka rubuta a rajistar gidan waƙafi zargin ɗan sanda ne kawai. Mai gabatar da ƙara yana iya rage shi, ya ƙara shi, ko ya watsar da shi. Ina roƙon 'yan uwa da kada su riƙa yaɗa hoton kamu a zaurukan WhatsApp. Mutum zai fito kotu ta wanke shi, amma a garinsu an riga an gama da sunansa.

Ina ake samun takardun kotu?

Wurin akawun kotu, a ginin kotun da ke hedikwatar gundumar. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da sammaci ba, a ƙa'ida alƙali ya duba hujjar tsare shi cikin awa 48. Amma wannan duba na farko ne. A karkara alƙali guda yakan zagaya gundumomi da dama, sai ka ji zaman gaba sai bayan makonni.

Wasu jihohi sun tara shari'o'in dukkan gundumominsu a shafi guda: OSCN a Oklahoma, Case.net a Missouri, MyCase a Indiana, Wisconsin da Iowa ma suna da nasu. Inda babu, sai a kira akawu, ko wani ya je da ƙafarsa ya yi amfani da kwamfutar jama'a da ke ofishin. A Texas manyan laifuka suna wurin akawu ɗaya, ƙanana wurin wani, amma a gundumar da mutanenta ba su kai 8,000 ba mutum guda yakan riƙe muƙaman biyu. Ka nemi lambar shari'a, ranar zama na gaba, da sunan lauyan da aka ba shi. Akawu ba zai ba ka shawarar doka ba, aikinsa bai yarda ba. Shari'ar tarayya kuwa a PACER take, wato shafin intanet na takardun kotunan tarayya, santi 10 kowane shafi, kuma ana yafe kuɗin idan bai wuce dala 30 cikin wata uku ba.

An sa beli. Mu tura kuɗin nan take?

Ku dakata har ku san abu biyu. Na farko, wa za a biya. Idan aka biya kotu kuɗin gaba ɗaya, ana mayarwa bayan shari'a matuƙar bai tsallake zama ba, ko da yake ana iya cire tara. Idan aka bi ta dillalin beli, yakan karɓi kusan kashi 10 cikin 100, kuma wannan ba ya dawowa ko da an wanke mutum. Kentucky da Oregon da Wisconsin ba su da irin waɗannan dillalai, Illinois kuma ta soke belin kuɗi a 2023. Duk wanda ya kira ya ce shi jami'i ne, a biya beli da katin kyauta na kanti ko kuɗin kirifto, ɗan damfara ne. Ka katse, ka kira lambar gidan waƙafin da ka samo da kanka.

Na biyu, ko hukumar shige da fice ta sa hannu. Karanta amsar da ke biye kafin a fitar da ko sisi.

Takardun zamansa ba su cika ba. Me wannan zai canza?

Abubuwa da yawa. Zanen yatsan da aka ɗauka a gidan waƙafi yana zuwa hukumar FBI, daga can kuma ya isa ma'aikatar tsaron cikin gida. Hukumar shige da fice ta ICE tana iya aiko da takardar neman a ci gaba da riƙe mutum har awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake shi, don ta zo ta ɗauke shi. Texas ta wajabta wa gidajen waƙafinta bin wannan tun 2017, California kuma ta taƙaita shi. Ma'ana, a wasu wurare biyan beli shi ne ke miƙa mutum hannun ICE, a kwashe shi zuwa wata jiha alhali shari'arsa tana nan ba a gama ba. Shi ya sa ake so lauya ya ga lamarin tukuna.

Idan ya ɓace daga rajistar gunduma kuma bai iso gida ba, a duba shafin ICE na neman tsararru. Ana nema da lambar baƙo mai alƙaluma tara wadda ke farawa da harafin A, tare da ƙasar haihuwa, ko da cikakken suna da ƙasar haihuwa. Dole rubutun sunan ya dace daidai, don haka abin da aka faɗa a amsar rikicin suna yana aiki a nan ma. A shari'ar laifi gwamnati tana ba wanda ba shi da hali lauya, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 wajibi ne lauyan ya gaya wa baƙo idan amsa laifi zai jawo a kore shi daga ƙasar. A kotun shige da fice kuwa ba a ba da lauya kyauta. Kada ya amsa ƙaramin laifi don kawai ya fita da wuri ba tare da ya yi wannan tambayar ba.

Ofishin jakadancinmu zai iya yin wani abu?

Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya da Ghana suna cikin ƙasashen da dole hukumomin Amurka su sanar da su ko tsararren bai nema ba. Ɗan Nijar kuwa sai ya nema. A ƙaramar gunduma da ba a saba ganin baƙi ba ana iya mantawa da wannan, don haka dangi suna iya tuntuɓar ofishin da kansu. Najeriya tana da shi a Washington da New York da Atlanta. Jami'in jakadanci yana iya tambayar inda mutum yake, ya kuma ziyarce shi, amma ba ya fitar da shi. Wanda ya gudo wa gwamnatin ƙasarsa yake neman mafaka a Amurka ya fara shawara da lauya.

Ina so in nemi kwafin takardun a rubuce. Zan iya daga ƙasar waje?

Ya danganta da jihar. Dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ta 1966 ba ta shafi sherif ba, kowace jiha da tata dokar. Georgia ta ba ofis kwanakin aiki uku ya amsa, Virginia biyar. Wasu jihohi, ciki har da Virginia da Tennessee da Arkansas, sun keɓe wannan haƙƙi ga mazaunansu, kuma Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 2013. A irinsu sai ka nemi wani mazaunin jihar ko lauya ya rubuta.

Wasiƙar ta zama gajera: cikakken suna, ranar haihuwa, ranar kamu, lambar rajista, da ainihin takardar da kake so. Kada ka ce a ba ka "duk abin da ke akwai", wannan yana jawo jinkiri da kuɗi. Ka fara kira ka ji yadda suke karɓar biya, don wasu ƙananan ofisoshi har yanzu sai takardar kuɗi ta gidan waya da ambulan mai kan sarki ɗauke da adireshin da za a mayar da amsa.

Shafukan da ke cewa a biya su nemo tarihin mutum fa?

Ba na ba da shawarar su a wannan matsala. Suna tattara abin da ke intanet ne, ƙaramar gundumar da ba ta sa komai a intanet kuwa ba ta cikin rumbunsu. Sukan haɗa mutane biyu masu suna ɗaya, kuma sau da yawa suna nuna kamu ba tare da nuna cewa an kori ƙarar ba. Abin da suka buga maka ba takardar hukuma ba ce.

An kama ni shekarun baya, an kuma kori ƙarar. Wace takarda zan nema don biza ko zama ɗan ƙasa?

Takardar ƙarshen shari'a mai hatimin akawun kotu. Rajistar gidan waƙafi tana nuna shigarka da fitarka ne kawai, ba ta faɗin yadda aka ƙare. Idan ba a taɓa shigar da ƙara ba, ka nemi wasiƙa daga akawu ko ofishin mai gabatar da ƙara da ke tabbatar da haka. Tsofaffin fayiloli a ƙananan gundumomi ƙila suna cikin kwali a ɗakin ajiya, don haka ka fara nema da wuri. Don ganin abin da gwamnatin tarayya ke da shi a kanka, FBI tana ba mutum taƙaitaccen tarihinsa a kan dala 18 idan ya aika zanen yatsunsa. Naka kawai za ka iya nema, ba na wani ba.

Jihohi da yawa suna barin kotu ta goge ko ta rufe tarihin kamun da bai kai ga hukunci ba. Kafin ka nemi hakan, ka karɓi kwafi biyu ko uku masu hatimi ka adana, domin bayan an rufe fayil samun su yana wuya. Fom ɗin biza da na zama ɗan ƙasa suna tambayar ko an taɓa kama ka, kuma gogewar da kotun jiha ta yi ba ta ɗauke maka faɗin gaskiya a nan ba.

Zan iya magana da shi ta waya?

Ba a kiran tsararre, shi ne ke kira. Gidajen waƙafi suna ba kamfanoni irin su Securus da ViaPath kwangilar waya, sai ka tambayi wanne gundumar ke amfani da shi, a buɗe asusu a sa kuɗi. Kiran lambar ƙasar waje yakan yi tsada ko ya ƙi shiga, don haka a zaɓi mutum guda mai lambar Amurka ya zama shi ne mai karɓar kira yana isar da saƙo gida. Ana naɗar kiran, mai gabatar da ƙara yana iya saurare, kuma yin magana da Hausa ba kariya ba ce, ana samun tafinta. Ku tambaye shi lafiyarsa, da abinci, da ko ya ga lauya, da ranar da aka ce zai koma kotu. Labarin abin da ya faru ya bar wa lauyansa.